Buhun Kanwa a Shagon Na'Allah

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Na'Allah mai cika takardun haraji, can gefen sakatariyar Isa, ya ga buhun kanwar nan da ke jingine bayan ƙofa. Shekara uku ke nan yana wurin. Damina ta jiƙa shi, rani ya busar da shi, har ya daskare ya zama dunƙule guda. Matarsa Maryamu ta yi magana har bakinta ya gaji, ta ce ko a ba ta ta riƙa sakawa a kunu, ko a kai wa tumaki su lasa, ko dai a sayar a huta. Shi kuwa sai ya ce a bar shi inda yake. In baƙo ya tambaya, ya ce ajiyar wani ce. To ba ajiyar kowa ba ce, kuma za ni gaya muku yadda aka yi buhun ya zo wurin.

Na'Allah Bagobiri ne gajere, mai kaurin wuya, da tabarau wanda ƙafarsa ɗaya ta karye aka ɗaure da zare tun ban san yaushe ba. Ya gama sakandare bai samu aikin gwamnati ba, ya yi noman gero shekara biyu ya ga ba ƙarfinsa ba ne, sai mahaifinsa ya kai shi wurin Malam Hussaini marubuci. Shi Malam Hussainin nan, Allah ya jiƙansa, ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke gaban kotu yake zama da tafiretarsa, yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardar cinikin gona da ƙara. Mutum ne mai zafi, ba ya dariya sai ranar Sallah. Doka guda gare shi, kuma ita ya dasa wa Na'Allah a ka: ba a bari mutum ya dangwala yatsa a takarda sai an karanta masa abin da ke ciki da babbar murya, daga bismillah har ƙasa, sau biyu. Na farko don ya ji, na biyu don ya gane. Ranar da Na'Allah ya taɓa miƙa wa wani tsoho tawada tun kafin karatu na biyu, Malam Hussaini ya buge masa hannu da rula a gaban jama'a, ya ce, "Wanga mutum bai iya boko ba, idonai na hannunka. In ka rufe mai shi, wa za ya buɗe?"

Shekara ashirin Na'Allah yana kan wannan. Malam Hussaini ya rasu, waya ta zo ta kashe rubutun wasiƙa, amma sai wani aikin ya taso. 'Yan kwangila na neman takardar shaidar biyan haraji, 'yan kasuwa na nema, mai son rumfa a kasuwa ma sai an ce ya kawo. Na'Allah ya koyi cika fom ɗin nan har ya iya shi kamar karatun sallah. Ya kama shago, ya je Sakkwato ya sayo tsohuwar kwamfuta da firinta, ya kafa faifan sola guda a rufi, ya haɗa da batirin babbar mota. Kwamfutar nan kuwa sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka dawo ka same ta tana miƙa ba ta gama tashi ba. Don haka ya raɗa mata suna Gwaggo, ya ce ba a yi mata gaggawa. Har 'yan kasuwa suka ɗauka, in sun shigo su ce, "Gwaggo ta tashi lafiya?"

Ko da kwamfuta ta zo bai bar karatu sau biyu ba. Abin da ya raba shi da shi hanya ce. Hanya ta lalace, kuma ba lalacewar ramuka kaɗai nake nufi ba, kun dai san halin da ƙasar nan ta shiga da 'yan bindiga. Mutumin Gangara ko Burkusuma in ya shigo Isa, idonsa na kan rana, yana so ya kai gida tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Ga Gwaggo da nawarta, ga layi, ga Na'Allah da karatunsa.

Abin takaici, wanda ya fara kawo shawarar barin karatun shi ne wanda abin ya zo ya ci. Wada sunansa, mutumin Burkusuma, dattijo dogo mai furfura a gemu, mai ɗauko kanwa da dabino daga Nijar a kan babur ya kawo kasuwar Sabon Birni. Shekara goma sha tara yana da wuri guda a kasuwar, ƙarƙashin 'yar rumfar zana, inda mata masu ƙosai da Fulani masu shanu suka san za su same shi. Wata rana ya zo, rana ta riga ta karkata, ya ga mutum shida a gabansa, sai ya ce, "Malam, wanga karatu naka sau biyu shi za ya sa magariba ta riske ni a dawa. Ba ni farar takarda in dangwala, in ka samu sarari ka cika. Na yarda da kai, mi ya rage?"

Na'Allah ya tuna da Malam Hussaini. Ya ji zafin rular nan a bayan hannunsa, wallahi ya ji. Amma ya dubi rana, ya dubi layi, ya zaro fararen takardu huɗu ya miƙa. Wada ya dangwala a ƙasan kowace, ya goge yatsa a cikin hula, ya hau babur. Kafin shekara ta zagayo, aljihun teburin Na'Allah ya cika da fararen takardu masu yatsu, kowace da sunan mai ita an rubuta da fensir a baya. Har yakan yi wa abokai barkwanci da cewa babban yatsan rabin Gobir na cikin aljihun teburinsa. A lokacin abin alfahari ya ɗauke shi.

Ana nan sai ofishin haraji ya fito da sabon tsari: duk mai cika wa wani fom don a biya shi, sai ya yi rajista, ya biya kuɗi, a ba shi lamba da hatimi, ya riƙa bugawa a ƙasan duk takardar da ta fita daga hannunsa. Masu wannan sana'a a Isa ba su fi biyar ba. Suka taru a shagon Nura, wani saurayin abokin sana'a da ke tsallaken titi, aka yi ta ɓaɓatu. Wannan ya ce kuɗin rajistar ya fi abin da yake samu a wata uku. Wancan ya ce ai tarko ne, da zarar an ba ka lamba, duk mai binciken da ya zo ƙofarka zai fara bugawa. Wani ya ce su da ke zaune a Sakkwato cikin fanka ba su san kuɗin tawadar firinta a Isa ba. Na'Allah ya fi kowa ɗaga murya, amma a ransa ya yi niyyar biya, har ya fara tarawa a cikin gwangwanin madara.

Kuɗin sun kusa cika sai batirin Gwaggo ya mutu. Ba a buga takarda da hatimi, da wuta ake bugawa. Ya juye gwangwanin ya sayi batir, shi ma na hannu, ya ce rajista ta jira kaka. Kafin kakar kuwa ya samo dabara: duk wanda ya cika wa fom sai ya ja shi gefe ya ce, "In an tambaye ka wa ya cika, ka ce kai da ɗanka kuka yi a gida. Kar ka kira sunana, za su rufe mini shago." Mutane suka ce ai wannan ba komai. Nura kuwa ya ranto ya biya nasa, ya rataye takardar a bango cikin gilashi, Na'Allah na yi masa dariya wai ya sayo wa kansa igiya.

A wannan shekarar aka rushe rumfunan zana na wani sashen kasuwar Sabon Birni, aka gina na bulo da ƙofofin ƙarfe. Aka ce tsofaffin masu wuri su za a fara ba, amma kowa sai ya kawo shaidar biyan haraji ta bana kafin ranar da za a rufe suna. Wurin Wada ya faɗa a rumfa mai lamba arba'in da ɗaya. Ya aiko wa Na'Allah saƙo da kuɗinsa ta hannun wani ɗan kabu-kabu, ya ce a cika ɗaya daga takardun nan nasa a tura.

Ranar da za a tura, fom goma sha huɗu ke gaban Na'Allah, kuma bas ɗin ƙarshe mai zuwa Sakkwato na tashi bayan azahar. Yadda yake yi don sauri, sai ya buɗe fom ɗin wani da ya riga ya cika, ya goge suna ya sa sabo, sannan ya bi sauran layukan yana canzawa. Da ya zo kan Wada, na Alhaji Jabir ya buɗe, babban dillalin albasa mai manyan motoci biyu da sito. Ya goge sunan Alhaji ya sa na Wada, ya canza gari, ya canza sana'a. Yana shirin sauka ƙasa sai hadari ya rufe rana, batirin hannun nan ya yi ƙara, Gwaggo ta ɗauke. Ya zauna yana gumi yana Allah ya isa, yaron mota na leƙowa yana cewa saura mutum biyu su tashi. Da rana ta buɗe Gwaggo ta farfaɗo, ya ga sunan Wada a sama, ya ga kanwa da dabino a layin sana'a, sai zuciyarsa ta ce masa ai ya gama wannan. Ya zaro farar takarda mai yatsan Wada, ya sa a firinta, ya buga, ya cusa a ambulan. Da Wada na zaune a kan bencin nan ana karanta masa, da an kai kan mota biyu zai yi dariya ya ce, mota biyu a ina? Amma Wada na Burkusuma, yatsansa kaɗai ke Isa.

Bayan mako uku Wada ya shigo shagon da wata takarda a hannu, ya ce daga Sakkwato aka aiko masa, a karanta masa. Na'Allah ya gyara tabarau ya fara karantawa a zuci. Ofishin haraji ne ke cewa abin da Wada ya bayyana bana ya ninka na bara sau talatin, don haka za a zo bincike, kuma an dakatar da takardar shaidarsa sai an gama. Ya kunna Gwaggo, ya jira ta tashi, ya buɗe fom ɗin. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: motoci biyu, sito guda, da cinikin Alhaji Jabir na shekara, duk a ƙarƙashin sunan mai babur ɗaya.

Wada ya ce, "Lafiya, Malam? Na ga fuskarka ta canza."

Nan ne wurin. Da ya ce, Baba Wada, na yi kuskure, tashi mu je Sakkwato gobe, da labarin ya ƙare a nan, da ban ɓata muku lokaci ba. Amma ya tuna ba shi da lamba, ba shi da hatimi, ga aljihun tebur cike da yatsun mutane a kan fararen takardu. Ya ga an sa wa shago kwaɗo, an ɗauki Gwaggo a bayan mota, ga 'ya'ya bakwai a gida. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wagga na'ura ta ruɗe. Wuta ta ɗauke, ta haɗa naka da na wani. Sukan yi haka in sun tsufa."

Wada ya dubi Gwaggo, ya girgiza kai kamar mai duban jakin da ya zubar da kaya. Ya ce, "Ikon Allah. To yanzu ƙaƙa za a yi?"

"Za ni raka ka ranar binciken. Amma ka tuna abin da na roƙe ka, kar ka kira sunana."

"Haba Malam, ai ba sai ka faɗa ba."

Mai binciken da aka turo, Malam Abdulrasheed, mutum ne siriri mai sanyin murya, ba irin masu tsawa ba. A ɗakin sarkin kasuwar Sabon Birni ya zauna da jakarsa. Ya sa aka ba Wada kujera, ya gaishe shi da Baba, ya karanta masa fom ɗin a hankali. Wada ya ce shi dai babur ɗaya gare shi, yana waje ma, ana iya dubawa.

Malam Abdulrasheed ya nuna ƙasan takardar ya ce, "Baba, wannan yatsanka ne?"

"Nawa na, ranka ya daɗe."

"Wa ya cika maka?"

Wada bai ko waiwayi inda Na'Allah ke tsaye ba. Ya ce, "Ni da ɗana muka yi, a gida."

Mai binciken ya ajiye biro. Ya ce, "Baba, ka ga inda matsalar take. In abin da ke nan gaskiya ne, shekara da shekaru kana ɓoye dukiya. In kuma ba gaskiya ba ne, ka sa yatsa a kan abin da ba haka yake ba. In da wani ne ya cika ya yi kuskure, ya fito ya ce shi ne, yau ɗin nan zan rubuta a gyara. In ba haka ba, sai fayil ya koma Sakkwato, kuma ba ya fitowa kafin wata uku." Sannan ya ɗaga kai ya dubi Na'Allah ya ce, "Malam, kai fa? Kana da abin cewa?"

Na'Allah ya ji tambayar sarai. Ya san saura kwana tara a rufe sunayen masu rumfa, shi da kansa ya rubuta ranar a kalandar shago. Ya dubi ƙeyar Wada, ya ga gumi na bin wuyan rigarsa. Ya ce, "Rakiya na yo, yallaɓai."

Malam Abdulrasheed ya ce to, ya rufe fayil.

Kwana tara suka cika, aka ba wani mai sayar da robobi rumfa ta arba'in da ɗaya. Wada ya koma bakin titi kusa da inda 'yan kabu-kabu ke ajiye babura, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, rana na dukan kanwa da dabino da furfurarsa. Matan da suka saba sayen kanwa wurinsa sukan je tsohon wurin su tarar da bokitai, wasu su tambaya a nuna musu, wasu su saya gaba. A kasuwa kuma magana ta bazu cewa ashe Wada mai kanwa yana da motoci biyu a Nijar ya ɓoye. Wasu da wasa suke faɗa, suna kiransa Alhaji mai tirela, wasu kuwa sun yarda har zuci. Wada ya je neman bashin dabino wurin wanda ya saba ba shi, mutumin ya ce mai mota biyu ba ya cin bashi.

Na'Allah kuwa ya shiga wani hali. Tuwo ba ya wuce masa, sai ya ci loma uku ya ture kwano. In ya kabbara sallah, kafin ya kai ruku'u sai ya ji muryarsa tana cewa rakiya na yo. Ya daina zuwa Sabon Birni gaba ɗaya, in aiki ya kama sai ya aika. Maryamu ta zuba masa ido mako biyu, rannan da hantsi tana tankaɗe ta ce, "Malam, ko dai ka gaya mini, ko ka je asibiti." Ya zauna bakin turmi ya kwashe duka ya gaya mata. Ta ajiye rariya ta dube shi, ta ce, "Kuma kana tsaye a wurin?" Ya ce yana tsaye. Ta ce ya tashi ya tafi Sakkwato. Ya ce, "In sun ɗauke Gwaggo mu ci mi?" Ta ce, "Yanzu da ba su ɗauke ba, ci kake yi?" Ya ce bayan Sallah za shi. Sallah ta wuce ya ce sai an yi girbi. Ni dai ban ga abin da girbi ya haɗa da faɗin gaskiya ba, amma haka ya yi ta ja.

Wata Laraba da safe yana cikin goge ƙurar firinta sai ya ji babur ya tsaya a ƙofa. Wada ne, ya rame, ya ƙara baƙi, yana kiciniyar sauko da buhu daga bayan babur. Ya jawo shi har cikin shago, ya jingina bayan ƙofa, ya zauna a benci yana haki. Suka gaisa, Na'Allah na amsawa idonsa a ƙasa.

Wada ya ce, "Malam, tun rannan abin na raina. Wagga Gwaggo taka ta tsufa. Ni ta riga ta yi mini abin da za ta yi, Allah ya ƙaddara. Amma gobe wani za ta yi ma, kuma sunanka za ya ɓaci a banza, kai da ba ka ci ba ka sha ba. Kuɗɗi ba ni da su yanzu, ka sani. Ga kanwa nan, mai kyau ta, ungurnu. Ka sayar ka ƙara da abin da ke hannunka, ka sayi sabuwa."

Na'Allah ya dubi buhun. Ya san nisan da aka ɗauko shi, ya san hanyar da aka bi da shi, ya san abin da buhu guda yake a wurin mutumin da ke talla a ƙasa. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur, don ba ya ganin komai ta cikinsa. Ya ce, "Baba Wada, ba Gwaggo ba ce."

"Na'am?"

"Ni ne. Fom ɗin Alhaji Jabir na buɗe, na sa sunanka, ban duba ƙasa ba na buga. Na'ura ba ta haɗa komai ba, abin da na ba ta shi ta fitar. Na gane tun ranar da ka kawo wasiƙa. Da na buɗe baki gaban mai bincike, da rumfarka na hannunka. Tsoron shagona ya sa na yi shiru."

Wada ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana duban babban yatsansa na dama, yana murza shi da ɗan'uwansa. A waje wani na ta buga hon yana kiran Shinkafi, Shinkafi. Can Wada ya ce, "Ashe da ya ce in wani ne ya fito, kai yake jira."

"Ni yake jira."

"Ni kuwa ina zaune ina ta addu'a kar ya matsa maka." Ya yi ɗan murmushi wanda ba na dariya ba. Sannan ya ce, "Takarduna biyu sun rage wurinka. Ba ni su."

Na'Allah ya jawo aljihun tebur, ya yi ta juya fararen takardu yana duba fensir a baya har ya samo su. Wada ya karɓa, ya duba yatsansa a kan kowace, ya ninke su huɗu, ya cire hula ya sa a ciki ya mayar. Ya miƙe. Na'Allah ya ce, "Baba, kanwarka." Wada ya ce, "Kyauta na kawo, ba ni maida kyauta." Ya tada babur ya tafi.

Washegari Na'Allah ya shiga bas ɗin farko zuwa Sakkwato, da fom ɗin Alhaji Jabir da na Wada a ambulan guda. Ya samu Malam Abdulrasheed ya ajiye su a gabansa gefe da gefe, ya faɗi komai, har da fararen takardun aljihun tebur, wanda ba a ma tambaye shi ba. Mai binciken ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Malam, mai kanwa a babur ba ya buga takarda irin wannan a Burkusuma, wannan ko yaro ya sani. Amma ba ni da ikon gyara abin da babu wanda ya ce kuskure ne. Na tambaye ka." Na'Allah ya ce, "Ka tambaye ni, yallaɓai."

Aka ci shi tara, aka rufe shagon wata shida. Ba a ɗauki Gwaggo ba, abin da ya fi tsoro ke nan kuma bai faru ba, wannan ma sai ya ƙara masa ciwo. Maryamu ta sayar da tumakinta biyu, shi ya jinginar da gonar gado, aka biya tarar aka biya rajista. Kafin a buɗe shago ya bi masu yatsu ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa kowa farar takardarsa. Sunan Wada ya fita tas, aka buga masa takardar shaida. Na'Allah ya kai masa da hannunsa har bakin titin kasuwar Sabon Birni, ya durƙusa cikin rana kusa da babura, ya karanta masa ita da ƙarfi daga sama har ƙasa, ya koma ya sake. Wada ya saurara duka biyun, ya ce, "Na gode, Malam," ya sa a hula. Daga inda suke ana hango rumfa ta arba'in da ɗaya, mai robobi ya riga ya yi mata fenti ya ƙara rumfar kwano a gaba.

Yanzu Na'Allah na da lamba da hatimi, takardar rajistarsa na rataye a bango. Gwaggo na nan da nawarta. Babu mai taɓa tawada a shagon sai an karanta masa sau biyu, ko da bas na hon, ko da Alhaji Jabir ne da kansa. Mutane na ƙorafi, suna cewa Na'Allah ya tsufa ya cika ɓata lokaci, wasu ma sun bar zuwa. Ba ya musu da kowa, sai ya gyara tabarau ya ce, "Saura karo na biyu."

Wada na shigowa Isa sau ɗaya a shekara, in lokacin sabunta takarda ya yi. Yakan tsaya da babur a ƙofar shagon, ƙafa ɗaya a ƙasa, bai kashe inji ba. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi Maryamu, har Gwaggo yakan tambaya ko ta tashi lafiya. Ba ya rage ko gaisuwa ɗaya. Na'Allah kan fito har bakin ƙofa ya tsaya kusa da buhun yana amsawa, yana cewa Baba shigo ka sha ruwa. Wada ya ce a'a, rana na yi. Sannan ya ja babur ya tsallaka titi, ya kashe shi a ƙofar Nura, ya cire hula ya zaro takardarsa.